Ki Tashi Ki Faɗa da Bakinki, Nafisa

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Nafisa, ya bitti, 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin huta, kin gane inda alƙibla take a ɗakinki. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Na cusa ta ne a ƙarƙashin ledar busasshiyar kuɓewar da innarki ta ɗaure miki, don na san ba za ki kwana biyu a can ba ki nemi miya ba.

Da gangan na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, da kin zuba mata ido sau ɗaya kin ce "tamam, Yaba," wato "to, Baba," kin ninke ta. Hausar boko kuwa sai kin zauna kina haɗa baƙi, yadda ni ma na zauna ina haɗa su tun da wani Bakano mai turare, maƙwabcin shagona, ya koya mini. Ina so ki karanta a hankali.

Farin ciki ya cika ni, kuma ba na ɓoye shi. Babu wanda ya shigo shagona a kasuwar Suk al-Shabi cikin kwanakin nan ya fita bai ji cewa 'yar mai gyaran lasifika ta sami gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje ba. Har wanda ya zo tambayar hanya sai da ya ji. Innarki ta ce na zama lasifikar da ba a biya ba. Bayan duk abin da garin nan namu na Omdurman ya gani, ban ga dalilin da zai sa in yi rowar labari mai daɗi ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Innarki ta faɗa mini, kuma kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce da kun isa, malaman can za su taru su saurari bayanin binciken da kika yi, ke kuma kin riga kin shirya da Tasnim, ƙawarki da kuka tafi tare, ita za ta tashi ta yi bayanin, ke ki zauna kina danna hotuna. Saboda in'ina. Tasnim yarinyar kirki ce, na san don ƙauna ta yarda. Amma ni ban yarda ba, kuma tunda ba ki tambaye ni ba, ga amsata.

Bari in fara da fitilarki, don ki san na saurare ki ranar nan. Kin zo shago da wani ɗan allo da kika haɗa da tarkacen da na zubar, da 'yar fitila ja a kansa. Kika ce mini fitilar malalaciya ce. Ba ta haskawa sai an zungure ta, zungurin ma sai ya kai wani ƙarfi, kuma in ta haska sau ɗaya sai ta ɗan huta kafin ta iya sake haskawa. Kika ce haka ƙwayoyin jijiya na cikin kai suke. Sai kika ɗauki rediyona kika kai shi tsakanin tasha da tasha, inda babu mai magana sai shuuu, kika jona shi da allon.

"Yaba, shuf, duba," kika ce. "Wannan hayaniyar ba ta da tsari ko kaɗan. Ita za ta riƙa zungurinta."

Da kika rage shuuu ɗin ƙasa, fitilar ta yi ta gyangyaɗi. Ta haska, mu jira, mu jira, ta haska sau biyu, ta ɓace. Da kika ƙure shi, ta haukace, babu kai babu gindi. Amma da kika tsayar da shi a tsakiya, sai ga ta tana ƙiftawa daidai-daidai kamar bugun zuciya. Na leƙa bayan allon ina neman inda kika ɓoye agogo. Kika yi dariya kika ce babu agogo. Hayaniyar ta isa ta tashe ta da zarar ta gama hutawa, ba ta kuma kai ta hana ta hutun ba, don haka hutun nata ne ya zama ma'aunin lokaci.

Wannan kaɗai ya ishe ni mamaki, amma kika ce ba shi ne aikinki ba, an riga an san shi. Kika jawo akwatin eko, wanda mawaƙan biki ke so don muryarsu ta riƙa dawowa. Kika ɗauki bugun fitilar kika bi da shi ta cikin akwatin, ya dawo mata a makare, ya zama tana jin kanta bayan ɗan lokaci. Kika ce in murɗa maɓallin jinkirin da hannuna. Na murɗa kaɗan, ƙiftawar ta ƙara daidaita, har na fara kaɗa ƙafa. Na ƙara murɗawa, ta fara tuntuɓe. Na ƙara gaba, ta sake daidaita. Kika ce in amsar ta dawo daidai lokacin da fitilar ta shirya, sai ta taimake ta, in kuwa ta dawo tana tsakiyar hutu, ko dai ta tafi a banza ko ta rikita ta. Aikinki shi ne lissafin wane jinkiri ne ke gyarawa, wane ne ke ɓatawa, da yadda hakan ke sauyawa in hayaniyar ta ƙaru ko ta ragu.

Na san abin da za ki ce, don kin faɗa mini a ranar da na fara kawo zancen: "Yaba, harshena ba fitila ba ne, ba abu ɗaya ba ne." Na yarda, ke ce mai ilimin. Amma ni tsoho ne mai gyaran lasifika, ina da damar ganin kama inda masana ba su ba da izini ba. Tun ranar nan nake tuna ƙuruciyarki, ina dariya ni kaɗai a cikin hafla, motar haya, har kumsari mai karɓar kuɗin mota yana dubana.

Kuskurena na farko shi ne shiru. Kina ƙarama, in muna cin abinci a tsakar gida a Dar Salam kika buɗe baki, sai in ɗaga hannu in ce, "Kowa ya yi shiru, Nafisa za ta yi magana." Yayyenki su tsaya da loma a hannu. Innarki ta ajiye ludayi. Habboba, kakarki, ta kashe rediyo. Gida ya yi tsit, idanu duka a kanki, ke kuma ki tsaya a kan harafin farko kina kokawa da shi har hawaye su zo. Ni a ganina gata nake yi miki. Na ɗauka surutun gidan ne ke tare miki hanya, in na share hanyar za ki wuce. Har kajin gidan nake kora.

Wata rana innarki ta tafi suna, babu mai zama da ke, na ɗauke ki muka ƙetare gada zuwa shago. Kin san Suk al-Shabi da hantsi. Kumsari suna kiran unguwanni, masu raksha, keke mai ƙafa uku, suna hon, maƙerin bayanmu yana dukan ƙarfe, ni kuma ina gwada wata lasifika mai tsatsa. Cikin wannan rikici na ji muryar wata yarinya a wajen mai shayi tana ba da labarin yadda akuyar maƙwabta ta cinye littafin yayanta, tiryan-tiryan, babu tsayawa, mai shayin tana ta dariya. Na ce a raina, 'yar wane ce wannan mai baki haka. Na leƙa, sai na ga rigarki. Na koma cikin shago na zauna a kan akwati, na daɗe ban iya ɗaukar sukuddireba ba.

Daga ranar na bar gidan da surutunsa. Ba ki warke ba, ban ce kin warke ba, amma kin fara shiga hira ta gefe kamar kowa, ba tare da an buga miki ganga ba. Don haka ki ji ni. A can za su ba ki ɗaki mai tsabta mai shiru, za ki ji daɗinsa ki so ki rufe ƙofa ki zauna da lissafinki. Kada ki zauna. Ki nemi inda ake cin abinci tare, ki nemi inda ake gardama, ki shiga kasuwarsu ko ba za ki sayi komai ba. In surutun ya yi yawa har ya hana ki barci da salla, ki janye. Ke kika nuna mini akwai tsakiya.

Sai maganar takalmi, wadda yayyenki ba za su bar ni in manta ba har in mutu. Ana gab da Salla na tambaye ki me kike so. Kika ce, "Yaba, ina son ta… ta… ta…" Ni kuma mai saurin taimako na ce, "Takalmi. Kalas, an gama." Kika buɗe baki, na shafa kanki na fita. Na zaga kasuwa na zaɓo ja mai ƙyalli, ina ta yabon kaina a hanya. Kika sa shi ranar Salla kina tafe fuska a murtuke, ni ina cewa yarinyar nan ba ta da godiya. Sai bayan Salla innarki ta zauna da ke tana tsefe miki kai, ta bar ki kika kai ƙarshen kalmar da kanki. Ashe tattabara kike so, irin na yaron maƙwabtanmu. Na sayo miki guda biyu don kunya, ga jikokin jikokinsu nan har yau suna ɓata mini lasifikokin da na ajiye a kan rufi.

Abin dariya ne, amma na yi shi sau da yawa a kan abubuwan da ba na dariya ba. Ina ƙarasa miki magana tun ba ki gama ba, ke kuma don ladabi ki gyaɗa kai ki karɓi abin da ba shi kike nufi ba. A can ma za ki sami masu irin halina, masu kirki, masu gaggawa. In wani ya ƙarasa miki kalma ba daidai ba, ko da babban malami ne mai furfura, ki ce masa a'a cikin ladabi, ki koma ki ƙarasa taki. Ke ma in kin haɗu da wanda harshen ƙasar ke yi masa nauyi, ki ba shi lokacinsa. Kin fi kowa sanin yadda jiran nan yake da daɗi.

Kuskurena na uku kin fi ni tuna shi. Bikin 'yar gwaggonki a Alhilla Kuku, na je da rana in kafa kaya kafin mutane su taru. Ina can bayan rumfa ina jona waya, na miƙa miki makirufo na ce ki ce wani abu in ji ko yana aiki. Ban lura ba mawaƙin da ya yi amfani da kayan kafin nan ya bar eko a buɗe kaɗan. Kika ce, "Salamu alaikum." Muryarki ta dawo miki. Kika sake cewa. Daga nan kika ɓalle. Kin gaida amarya, kin gaida masu girki da sunayensu, kin sanar da cewa gwaggonki ta ƙona albasa, duk a lasifika, unguwa na ji. Gwaggonki ta fito da muciya a hannu za ta yi faɗa, da ta ga ke ce ta tsaya ta rangaɗa guɗa. Ni ina bayan rumfa da waya a hannu ina kuka kamar yaro.

Washegari sai na ce na gano magani. Na kafa kaya a tsakar gida, na zaunar da ke, na ce tunda kaɗan ya yi wannan aiki, bari mu ga mai yawa. Na murɗa maɓallin har ƙarshe. Kika fara magana, muryarki ta dawo ta taka wadda ke fita, kika harɗe fiye da kullum. Na ce ba ki mai da hankali ba ne, kawo in nuna miki. Na karɓi makirufo zan ce "Bismillahi," sai ga ni ina "Bis… bis… bismi…" Ni da ban taɓa in'ina ba. Kika yi dariya har kika faɗo daga kan kujera, Habboba ta ce alhaki ne. Ranar na ɗanɗana abin da kike sha kullum, kuma ranar na san cewa abin da ya taimake ka in ya zo a kan lokaci, shi ne zai kayar da kai in ya zo a wani lokacin.

Wannan ya kawo ni kan saƙonnin gida. Kin san sabis ɗinmu. Innarki za ta aiko miki da murya tana faɗa a kan yayanki, ko tana cewa ƙafarta na ciwo, saƙon ya kwana a hanya. Kafin ya iso ki, ta shirya da yayan naki, ƙafar ta sauka, tana gidan biki. In kika ɗauke shi da zafinsa kika kira kina kuka, sai ki tayar mana da abin da ya riga ya kwanta. Ki duba lokacin da aka aiko, ki tambaya tukuna, "Yanzu yaya ake ciki?" Haka in malami ya dawo miki da gyara a kan aikin da kika daɗe da wucewa, kada ki rushe na yau saboda shi. Ki duba ko har yanzu maganar tana da wurin zama, in tana da shi ki karɓa da godiya.

To, mu koma kan Tasnim. Na san abin da kike tsoro. Ɗaki mai shiru, manyan mutane, idanu a kanki, irin tsakar gidan da na riƙa shirya miki da hannuna. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba za ki makale ba. Mai yiwuwa ki makale tun a sunanki. Amma ya bitti, mutane suna ba da aiki ga bakin da suka ji shi daga gare shi. In Tasnim ta tashi, ko ta rantse ta ce naki ne, fuskarta za su riƙe, ita za su tare a hanya da tambaya. In kika zauna a wannan karon, karo na biyu zaman zai fi sauƙi, na uku ba sai an tambaye ki ba. Ke kika tsinci tarkacen, ke kika ƙona yatsa da dalma, ke kika zauna da lissafin har idonki ya yi ja. Ni na ga yadda kika yi mini bayaninsa a shago, ni da ban wuce makarantar allo da 'yan ajin farko ba, har na fahimta. Wadda ta iya fahimtar da ni ba za ta kasa da malamai ba.

Ki gaya musu tun farko, da bakinki, cewa kina da in'ina, in kin tsaya su jira ki. Ki ce a bar taga a buɗe in akwai titi a kusa. Ki sa Tasnim ta zauna a gaba inda za ki riƙa ganin fuskarta, ita ta danna hotunan. In an yi tambaya kada ki yi gaggawar amsa, ki sha ruwa, babu mai korar ki.

Kuma gara ki sani, na riga na yi abin da ba ya warwaruwa. Na tambayi yayanki, ya ce ana iya kiran waya a bar ta a buɗe a kan teburin da ke gabanki ranar bayanin, mu ji ki daga nan. Don haka na gayyaci unguwa. Ranar zan kafa manyan lasifikokin nan biyu a tsakar gida, na cika batir tun yanzu, innarki za ta yi shayi da gahawar jabana, gwaggonki za ta zo daga Alhilla Kuku, mai shayin Suk al-Shabi ma ta ce ba za a yi ba ita ba. Za mu toshe namu ɓangaren don kada surutunmu ya shiga ɗakin malamai, amma ki sani muna nan muna surutu, yara na guje-guje, ba wanda zan ce wa ya yi shiru. Babu ko ɗaya a cikinmu da zai gane turancin. Na faɗa wa Habboba haka, na ce mata lissafi ne zalla, za ta gaji. Ta ce a ajiye mata kujera a jikin lasifikar, kusa da kunnenta mai ji.

"Ni ba lissafi zan je saurare ba," in ji ta. "Muryar jikata nake so in ji tana yi wa manya bayani. In ta tsaya, ina nan, ba inda za ni."

Yanzu ki faɗa mini yadda zan dubi tsohuwar nan in ce mata wannan muryar Tasnim ce.

Sauran nasiha kin san su. Ki riƙe salla, ki ci abinci mai zafi, ki sa rigar sanyi ko da kin ga 'yan ƙasar suna yawo babu ita. Ki gaida Tasnim, ki ce mata na gode, kuma na sallame ta daga wannan aikin.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunta. Allah ya sa albarka a karatunki, ya buɗe miki abin da ya rufe, ya dawo mana da ke lafiya mu gan ki da idonmu. Tun kina ƙarama, a kowace sujada ina roƙon Allah ya cire miki in'inar nan. Kwanan nan na lura na daina, ban ma san ranar da na daina ba. Yanzu abin da nake roƙo shi ne ya ba mutanen ɗakin nan haƙurin jiran ki, don na san abin da za su samu in sun jira.

Wassalamu alaikum.

Yabanki,
Abakar mai lasifika
Dar Salam, Omdurman